Jagorar littattafan lantarki: yadda za ka haɗa fayil da na'urar da ta dace da shi

Yawancin masu sayen na'urar karatu ta baya suke farawa. Sai sun zaɓi na'urar, sun biya, sun cire ta daga kwali, sannan su tuna da littattafan da za su zuba a ciki. A nan ne mutum zai buɗe littafin karatunsa ya tarar rubutun ya yi ƙanƙanta kamar sahun tururuwa, ko kuma na'urar ta ƙi ganin fayil ɗin gaba ɗaya. Na'urar lafiyarta lau, fayil ɗin ma haka, ba a dai ƙera su don juna ba ne. Don haka wannan jagora daga littattafan za ta fara, na'ura ta biyo baya.

Mataki na ɗaya: duba abin da kake karantawa

Buɗe wayarka ko kwamfutarka ka dubi littattafan da ka tara. Lura da haruffan da ke ƙarshen sunan kowane fayil, bayan ɗigo: pdf ne, epub ne, ko mobi. Sannan ka raba su gida biyu. Gida na farko shi ne na zallar rubutu da ake karantawa daga farko zuwa ƙarshe, irin labarai, tarihi da tarihin rayuwa. Gida na biyu shi ne na littattafan da shafinsu ke da tsari, akwai jadawali, zane, lissafi, taswira, ko rubutu a ginshiƙi biyu. Gidan da ya fi yawa shi zai yanke hukuncin duk abin da ya rage.

Mataki na biyu: gane rubutu mai kwarara da shafi kafaffe

Duk nau'o'in fayilolin nan, da yawansu, tushensu biyu ne. A na farko, rubutun kamar ruwa yake, duk mazubin da ka zuba shi siffarsa zai ɗauka. Ka ƙara girman haruffa, layuka su sake jeruwa, shafi ya ƙaru. A na biyu, an riga an kafe komai a wurinsa, kowace kalma tana inda mai ɗab'i ya ajiye ta, girman allo bai dame ta ba.

EPUB shi ne jagaban masu kwarara. Ƙungiyar IDPF, mai tsara ƙa'idojin littattafan lantarki, ce ta fitar da shi a 2007, aka sabunta shi zuwa EPUB 3 a 2011, kuma tun 2017 yana hannun W3C, hukumar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet. Wannan alaƙa ba ta banza ba ce. Idan ka kwafi fayil ɗin EPUB, ka sauya ƙarshen sunansa zuwa zip, ka buɗe, za ka ga shafukan intanet ne aka ɗaure wuri guda: kowane babi da fayil ɗinsa, hotuna a foldarsu, da wani ɗan fayil mai faɗa wa na'ura abin da ke bin wani. Shi ya sa yake da sauƙin nauyi. Littafin labari mai shafi ɗari uku da wuya ya wuce megabait ɗaya ko biyu idan babu hotuna. Shi ya sa kuma kake iya canza salon haruffa, tazarar layi da faɗin gefe, ka taɓa kalma ƙamus ya fito, ko manhaja ta karanta maka da murya.

A takarda, EPUB 3 ya iya abubuwa da yawa: sauti, bidiyo, rubutun lissafi, rubutun da ke tafiya daga dama zuwa hagu irin na Larabci, da wanda ke sauka daga sama irin na Japan. Sai dai abin da tsari ya yarda da shi daban, abin da na'urarka ta iya daban. Manhajoji da yawa suna nuna rubutun su tsallake sauran, ba tare da sun gaya maka sun tsallake ba.

Rauninsa na farko jadawali ne. Jadawali mai ginshiƙi bakwai a allon inci 6 ko dai ya matse har ba ya karantuwa, ko gefensa ya yanke. Waƙa ma tana shan wahala, domin baiti mai tsawo yana karyewa a inda mawaƙi bai karya ba. Na biyu shi ne lambar shafi. Tunda shafi yana canzawa da girman haruffa, shafi na 80 a wurinka ba shi ne na 80 a wurin abokinka ba. Wasu masu ɗab'i suna saka lambobin bugun takarda a ciki, amma ba kowa ba. Ɗalibin da zai kafa hujja da shafi ya lura da wannan tun kafin ya fara rubutu.

PDF ya girme shi. Kamfanin Adobe ya fitar da shi a 1993, ya zama ƙa'idar duniya a ƙarƙashin hukumar ISO a 2008. An yi shi ne don takarda ta fito iri ɗaya a kowace kwamfuta da kowace na'urar buga takarda, kuma wannan aikin ya iya shi sarai. Littafin lissafi, kundin bincike, takardar kotu, littafin da ke da sharhi kewaye da matani, duk PDF ne gidansu. Matsalar ita ce shafin A4 ya haura inci 14 daga kusurwa zuwa kusurwa. Ka cusa shi a allon inci 6, faɗin kowane harafi ya ragu fiye da rabi. Daga nan sai zuƙowa da ja dama da hagu a kowane layi, har karatun ya fita ranka.

PDF ɗin ma iri biyu ne, kuma mutane da yawa ba su san haka ba. Akwai wanda aka fitar daga kwamfuta, rubutunsa na gaske ne. Akwai wanda aka yi wa sikanin, kowane shafi hoto ne kawai. Gwajin ba wuya: danna yatsa a kan wata kalma ka riƙe, ko ka nemi wata kalma da kake gani ƙuru-ƙuru a shafin. Idan ba ta zaɓu ba, binciken kuma ya ce babu, hoto ne a hannunka. Irin wannan ba ya yarda da ƙamus, ba a kwafa daga cikinsa, murya ba ta karanta shi, kuma yana da nauyi ƙwarai. Manhajar gane haruffa, wadda ake kira OCR, tana iya fito da rubutun daga hoton, amma tana yin kuskure a tsohon bugu da haruffan da ba ta saba da su ba.

Sai dangin Amazon. MOBI asalinsa na wani kamfanin Faransa ne, Mobipocket, wanda Amazon ta saya a 2005, ta gina Kindle na farko, wato na'urar karatunta, a kansa a 2007. Daga baya aka yi AZW3 a 2011, sannan KFX a 2015. Duk masu kwarara ne. MOBI ya tsufa, ba ya ɗaukar haruffan da aka saka a cikin littafi, tsarinsa na shafi kuma ɗanye ne. Idan wani wuri ya ba ka zaɓi tsakanin MOBI da EPUB, ɗauki EPUB ko da Kindle gare ka, dalilin yana tafe.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. TXT kowace na'ura tana buɗe shi, amma babu babi, babu hoto, babu kauri ko karkatar harafi. CBZ da CBR tarin hotuna ne na littattafan zane. DjVu na tsofaffin littattafan sikanin ne, ya fi PDF matse su, amma 'yan na'urori kaɗan ne ke karanta shi. FB2 an fi amfani da shi a Rasha.

Mataki na uku: bincika ko akwai makulli

Wannan shi ne matakin da ake tsallakewa a yi nadama. Yawancin littattafan da manyan shagunan intanet ke sayarwa suna ɗauke da makullin da ake kira DRM, wanda ke ɗaure littafin da asusunka ko na'urarka. Fayiloli biyu na iya zama EPUB duka, ɗaya ya buɗu ko'ina, ɗaya ya ƙi.

Kowane gida da makullinsa. Na Amazon sai Kindle ko manhajarta. Na Apple sai manhajar Apple Books. Na Adobe ya fi yawo, na'urorin karatu na Kobo da PocketBook da wasu suna karɓarsa, amma Kindle ba ya karɓa. Idan ka sayi littafi ka ga an ba ka ɗan ƙaramin fayil mai ƙarewa da acsm, ba littafin ba ne, takardar izini ce. Sai ka buɗe ta da manhajar Adobe Digital Editions, ka shiga da asusunka, sannan ta sauke ainihin littafin. Ana yarda ka yi rajistar na'urori shida da asusu ɗaya. Akwai kuma sabon makulli mai suna LCP da ɗakunan karatu masu ba da aro suka fara runguma, shi kalmar sirri kawai yake nema. Wasu masu ɗab'i ba sa kullewa sam, sai dai su buga sunanka ko imel ɗinka a cikin fayil ɗin don kada ka raba. A ganina wannan ya fi mutunta mai saye.

Littafin da ke da makulli ba mallakarka ba ne irin na takarda, izinin karantawa ka saya. A 2009 Amazon ta shiga na'urorin mutane ta goge wasu littattafan George Orwell da aka sayar ba bisa izini ba, ta mayar musu da kuɗinsu. A 2019 Microsoft ta rufe shagonta na littattafai, waɗanda aka saya suka daina buɗuwa, ita ma ta mayar da kuɗi. A watan Fabrairun 2025 Amazon ta cire hanyar sauke littafin da ka saya zuwa kwamfuta don turawa ta kebul. Kuɗi kan dawo, amma layukan da ka ja da bayanan da ka rubuta a gefe ba lallai su dawo ba. Cire makulli kuwa doka ta hana a ƙasashe da dama, don haka kafin ka biya, duba bayanin littafin ka ga ko an ce ba shi da DRM. Littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare, irin fiye da 70,000 da ke rumbun Project Gutenberg, wanda Michael Hart ya fara a 1971, ba su da makulli ko kaɗan.

Mataki na huɗu: yanzu ka zaɓi allo

Allo iri biyu ne. Akwai mai haske na waya da kwamfutar hannu, akwai tawadar lantarki ta kamfanin E Ink, wadda ta samo asali daga binciken jami'ar MIT a Amurka, ta fara fitowa kasuwa a na'urar Sony Librie a 2004.

Yadda tawadar take aiki shi ne ke bayyana ƙarfinta da rauninta duka. A ƙarƙashin allon akwai miliyoyin ƙananan ƙwayoyi, kowace cike da ruwa mai ɗauke da ƙurar fari da baƙi. Lantarki yana tura fari sama ko baƙi sama, kuma da zarar sun hau, nan suke zama ba tare da cin wuta ba. Ke nan batir yana aiki ne sosai a lokacin juya shafi, shi ya sa caji ɗaya ke kai makonni. Allon ba ya fitar da haske nasa, na waje yake mayarwa, don haka a tsakar rana ya fi fitowa tar, daidai lokacin da allon waya ke dushewa. Fitilar da ke jikin na'urorin yanzu daga gefe take haska saman shafin, ba daga baya take harbo ido ba. Masu kyau suna da ɗigo 300 a kowane inci, wanda ya kusa da bugun takarda.

To amma ƙura mai motsi a cikin ruwa ba ta da sauri. Juya shafi yana ɗaukar ɗan lokaci, inuwar shafin baya takan rage, sai allon ya yi baƙi ya wartsake don gogewa. Zuƙowa da ja suna da nawa. Bidiyo ba a maganarsa. Matakan toka 16 ne kawai tsakanin fari da baƙi, saboda haka taswirar da ta bambanta yankuna da ja da kore tana iya zama toka ɗaya. Kuma allon yawancinsu a kan siririn gilashi yake, idan aka danne shi a cikin jaka ya tsage daga ciki, rabin shafi ya daskare, gyara kuma da wuya. Sayi marfi tun ranar farko.

Masu launi sun shigo, Kobo da Kindle duk sun fitar da nasu a 2024. Allon tawada mai launi da ake kira Kaleido 3 yana nuna launi 4,096, amma kaifin launin ɗigo 150 ne, rabin na baƙi da fari, launukan a kwance suke kamar na tsohuwar jarida, farin shafin kuma ya ɗan yi duhu. Ya yi kyau ga bango da jan layi kala-kala. Ga littafin ilimin jikin ɗan Adam ko na zane-zane, kwamfutar hannu ta fi shi nesa.

Ga yadda za ka haɗa. Idan gidan farko ne ya rinjaya a mataki na ɗaya, na'urar tawada mai inci 6 ko 7 ta ishe ka. Idan PDF ne ya fi yawa, kada ka sauka ƙasa da inci 10, kuma 13.3 ne ke kusa da cikakken A4. Idan akwai launi da yawan tsalle daga shafi zuwa shafi, ɗauki kwamfutar hannu. Wayar da ke hannunka ma ba abin rainawa ba ce, EPUB yana zama daram a cikinta da manhaja irin su ReadEra, Moon+ Reader, Google Play Books ko Apple Books. Abin da ke damunta shi ne batir da saƙonnin da ke katse karatu. Gwada mako biyu da ita kafin ka sayi komai, za ka gane abin da ya fi ci maka tuwo a ƙwarya.

Game da gidajen: Kindle yana da shago mafi girma da daidaita inda ka tsaya tsakanin na'urori, amma ƙofarsa a tsuke take. Kobo, na kamfanin Rakuten, yana karanta EPUB, PDF da CBZ kai tsaye. PocketBook ya fi su karɓar nau'o'i masu yawa. Onyx Boox yana aiki da Android, kana iya saka manhajar kowane shago, sai dai batir ɗinsa bai kai na sauran ba. Kada yawan gigabait ya ruɗe ka, gigabait 8 yana ɗaukar dubban littattafan rubutu. Sai mai littattafan sauti ko na zane ne zai nemi ƙari.

Mataki na biyar: shigar da littafin

A Kobo da PocketBook, haɗa kebul da kwamfuta, na'urar ta fito kamar filas, ka kwafa fayil ɗin, ka cire ta yadda ya kamata. Shi ke nan.

Kindle ba ya ganin EPUB idan ka kwafa ta kebul. Tun 2022 hanyar Send to Kindle tana karɓar EPUB, ta juya shi zuwa tsarin Amazon sannan ta turo maka, daga baya kuma ta daina karɓar MOBI. Ta imel iyakar nauyi megabait 50 ce, ta shafin intanet 200. Idan ta imel ne, sai ka fara saka adireshinka a jerin waɗanda aka amince da su a asusunka, in ba haka ba saƙon ba zai isa ba.

Wanda littattafansa suka yi yawa ya sauke Calibre a kwamfuta. Kyauta ce, Kovid Goyal ya fara ta a 2006. Zuba littattafan a ciki, gyara suna da marubuci da bango tun a nan, domin na'ura da waɗannan bayanan take jera littattafai, ba da sunan fayil ba. Sannan ka haɗa na'urar, Calibre ta gane ta, ta juya littafin zuwa abin da ya dace. Daga EPUB zuwa AZW3, ko daga DOCX, wato fayil ɗin Word, zuwa EPUB, yawanci lafiya lau. Daga PDF zuwa EPUB kuwa, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. PDF bai san sakin layi ba, matsayin haruffa a shafi kawai ya sani. Sakamakon shi ne lambar shafi da kan babi su faɗo tsakiyar jimla, layuka su karye, ginshiƙi biyu su cakuɗe, jadawali ya watse. Maimakon juyawa, bar shi a PDF ka yanke farin gefensa, ka kwantar da na'urar a gicciye ka karanta rabi-rabi. Manhajar KOReader ta ƙware a wannan yankan. Kuma ko me ka juya, ajiye na asali, domin kowace juyawa tana zubar da wani abu. Littafin da ke da makulli ba ya juyuwa.

Mataki na shida: gwada kafin ka zauna

Minti biyar sun isa. Buɗe jerin babuka ka taɓa ɗaya ka ga ko ya kai ka. Taɓa lambar bayanin ƙasan shafi ka ga ko za ka iya dawowa inda kake. Ƙara girman haruffa, idan bai motsa ba to shafi kafaffe ne, ko da sunansa EPUB. Nemi jadawali ko hoto mafi girma ka ga yadda ya fito.

Sai haruffa. Idan littafin yana da haruffan da suka fita daga jerin Turanci, kamar ƙ, ɗ, ɓ, ko masu ɗigo da alamar sauti a sama, matsala iri biyu ce ke iya tasowa, kuma maganinsu daban. Idan ka ga ɗan akwati babu komai a ciki, ko harafin ya fito da wani salo dabam da maƙwabtansa, salon haruffan na'urar ne ba shi da shi. Canza salo, ko ka zuba naka: Kindle da Kobo duk suna karɓar fayilolin salon haruffa na TTF da OTF a folda mai suna fonts, kuma Noto Serif, Charis SIL da Gentium suna da waɗannan haruffa. Idan kuma harafi ɗaya ya rikiɗe ya zama tarkacen alamomi biyu ko uku, to lambobin da aka adana rubutun da su ne aka karanta ba daidai ba. Canza salo ba zai yi komai ba, sai ka koma Calibre ka gaya mata rubutun UTF-8 ne, ka sake juyawa. Littafin Larabci kuma ka duba ko haruffa sun haɗu, wasulla sun zauna a wurinsu, shafi yana juyawa ta ɓangaren da ya dace. Inda wasali ɗaya ke canza ma'ana, PDF na bugun da aka tantance ya fi aminci.

Mataki na bakwai: tsare abin da ka tara

Layukan da ka ja ba a cikin littafin suke zama ba, na'ura ce ke riƙe su a gefe. A Kindle akwai fayil mai suna My Clippings da za ka iya kwafa ta kebul, kodayake masu ɗab'i kan iyakance yawan abin da za a fitar daga littafin da aka saya. A Kobo suna cikin rumbun bayanan na'urar, idan ka mayar da ita yadda ta fito daga masana'anta, na littattafan da ka zuba da kanka sun tafi. Fitar da su duk lokacin da ka gama littafi. Foldar Calibre kuma ka kwafe ta zuwa wuri na biyu, filas ko ma'ajiyar intanet, ka riƙa sabunta kwafin duk sanda ka ƙara littattafai. Ga kowane littafi, ajiye EPUB marar makulli idan akwai shi, ko PDF na asali idan shafinsa mai tsari ne, domin daga waɗannan biyun za ka iya ciyar da duk na'urar da ka saya nan gaba.